Ɗan Kwikwiyo da Karen da Ya Ga Jiya

Da rani ya fara kamawa, shanu sun gama cin kara a gonaki, wata ruga da ta daɗe a gefen lambun kawuna, can ƙasar Gwaram, ta tashi ta yi kudu. Aka bar turaku da toka da busasshen kashin shanu. Kwana uku da tashinsu, Kawu ya hango wani dogon jan kare, haƙarƙarinsa duk a waje, kwance a gindin kanya inda ake ɗaure maruƙa. Kawu ya fi zaton yawo ya tafi aka tashi ba ya nan. In ka doshe shi sai ya miƙe, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya ja da baya yana satar kallonka. In kuwa ka sunkuya, ko da takalmi za ka gyara, sai dai ka ga ƙura. Mutum ne ke ranta a na kare. Shi nasa ne, ba ya neman aro.

A watan ne kuma yayana, wanda ke zaune a bakin gari a Birnin Kudu, ya wayi gari babu ragonsa a turke. Takaicin wannan ya kai shi gidan wani maharbi da karyarsa ta haihu, ya dawo da ɗan kwikwiyo a kwalin taliya, baƙi mai farin tabo a goshi. Kafin magariba yara sun raɗa masa Goshi. Na Kawu kuwa, da yake ba wanda ya san sunan da Fulani ke kiransa da shi, sai aka bar shi a Baƙo.

Shekara biyu na yi ina kai da komo tsakanin gidajen nan biyu, karnukan suna girma da sauyawa a kan idona. Abin da na gani ne nake so mu ɗora a sikeli: mai bukatar kare ya reni ɗan kwikwiyo ne, ko ya ɗauki babba mai ɗari-ɗari wanda ba shi da kowa?

Kare a ƙasar Hausa ma'aikaci ne. Ba a kai shi ɗaki, ba a ɗora shi a cinya. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani ya san abubuwa uku da aka yarje a ajiye kare dominsu: tsaron shuka, tsaron dabbobi, da farautar abin da za a ci. Masu sharhin littafin sun kawo labarin cewa shi kansa mawallafin, da katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na zaman ɗar-ɗar, ya ajiye kare. Da aka tuna masa Imamu Malik bai so haka ba, sai ya nuna cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki ma ya ajiye. A mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. An kuma hana cinikinsa, da saɓanin malamai a kan wanda aka yarje a ajiye, shi ya sa a ƙauye kwikwiyo ya fi zuwa a kyauta, sai ɗan tukuici. Saboda haka awon namu na ma'aikata biyu ne: ɗaya za a koya masa aiki tun daga fari, ɗaya ya zo da aikinsa da kuma tabonsa.

A Ingila irin su Baƙo suna da masauki. Tun 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da suka rasa masu su a Landan, aka mayar da shi unguwar Battersea a 1871, kuma har yau yana aiki. A irin waɗannan gidaje ana killace kare, likita ya duba shi, a yi masa allura, a gwada halinsa da mutane da sauran dabbobi, sannan a miƙa shi ga wanda ya zo nema. Mu ba mu da wannan al'ada. Karen da maigidansa ya mutu ko ya tashi, makomarsa bola ce da bayan mahauta, da jifan yara, da tayar mota a kan titin Kano zuwa Maiduguri. In ya tsallake waɗannan, akwai masu bin ƙauyuka suna tara karnuka, su kai kasuwar Dawaki da ke Ƙaramar Hukumar Kanke a Jihar Filato, inda ake sayensu don nama. Wanda ya ɗauki babban kare a nan, shi ne gidan killacewar, shi ne mai gwajin hali, shi ne kuma mai neman likita. A ajiye wannan a rai, don nauyi ne da mai kwikwiyo bai san shi ba.

Hujjar masu kwikwiyo ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Suna da gaskiya, har masana sun ƙirga ɗanyantakar da makonni. A garin Bar Harbor na Amurka, John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekara 13 suna renon jinsunan karnuka biyar, har da basenji, karen farautar dazuzzukan Kongo mai kama da namu, suka fitar da littafinsu a 1965. Sun nuna cewa akwai wata ƙofa a rayuwar kwikwiyo da ke buɗewa a mako na 3, ta soma rufewa wajen mako na 12. Abin da ya saba da shi a tsakanin nan yakan zame masa ɗan gida. A wani gwaji da aka buga a 1961, an bar wasu kwiyakwiyai a fili da uwarsu ba tare da cuɗanya da mutum ba har mako 14; da aka ɗauko su, sun zama kamar namun daji, lallashi bai mayar da su kamar sauran ba.

Goshi ya ci moriyar wannan ƙofa. Ya buɗi ido cikin kukan awaki da ƙarar babur da hayaniyar 'yan makarantar allo, don haka ba abin da ke firgita shi a Birnin Kudu. Yaro ya ja masa kunne, ya kaɗa wutsiya. Wannan riba ce babba, kuma ba a samun ta a babban kare ko nawa za ka kashe.

Amma sai wanda ya reni kwikwiyo ya san kuɗinta. An raba Goshi da uwarsa bai wuce mako biyar ba, alhali kamata ya yi a bar shi ya kai takwas, don a wurin uwa da 'yan'uwa yake koyon cewa cizo da zafi. Makon farko ba wanda ya runtsa a gidan saboda kukansa. Wata na biyu cikinsa ya kumbura da tsutsa, sai da aka nemo magani. Daga nan gudawa da amai suka kwantar da shi, irin ciwon da ke share kwiyakwiyai da yawa kafin su yi wata shida. Da ƙyar ya sha. Da ya warware haƙora suka fara ƙaiƙayi, sai ya bi takalman gidan ɗaya bayan ɗaya, har da na wani baƙo da ya tuɓe a ƙofar zaure. Ranar da ya kashe 'yan tsaki bakwai da wasa, matar yayana ta tsaya a tsakar gida da kwando a hannu ta ce, "Malam, ɓarawon da ya ɗauki rago sau ɗaya ya zo. Wannan da ka kawo mana kullum yana nan."

Duk wannan kuma ba gadi. Shekara guda cur Goshi yana yi wa kowa maraba, mai gida da ɓarawo duk ɗaya ne a wurinsa. Kare ba ya fara kishin gida sosai sai ya balaga, wajen shekara ɗaya zuwa biyu. Wanda aka sace wa rago yau ya ɗauko kwikwiyo gobe, ya fafe gora ne ranar tafiya. Sannan kwikwiyo alkawari ne kawai: ba ka san girman da zai yi ba, ba ka san ko jarumi ne ko rago ba, sai dai ka dubi uwarsa ka yi fata. Goshi ya tashi mai yawan haushi. Yana yi wa ɓarawo, yana yi wa mai tallan koko, yana yi wa leda in iska ta ɗauko ta. Gadi dai yana yi yanzu, amma maƙwabta sun daina leƙowa in sun ji muryarsa.

Babban kare kuwa, kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Tsayin Baƙo da ƙarfin ƙafarsa ba sai an yi hasashe ba. Ya riga ya tsallake cututtukan ƙuruciya. Ya tashi cikin shanu da tumaki, don haka akuya ba abin kora ba ce a wurinsa, kaza ma ko kallo ba ta ishe shi ba. Ya san dare, ya san bambancin motsin iska da takun mutum. Wannan ilimi ne na shekaru da wani ya biya kuɗinsa, ka same shi a banza. Abu ɗaya ne ya tsaya tsakaninka da shi: tsoro.

A nan ne masu cewa hali zanen dutse ke ɗaga murya, kuma mutumin Birnin Kudu ya fi kowa sanin abin da karin maganar ke nufi. Ga shanun da mutanen zamanin da suka zana a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda masu binciken tarihi suka bayyana wa duniya a shekarun 1950. Damina nawa ta wuce, suna nan da ƙahonninsu. To amma tsoron kare iri biyu ne, kuma raba su shi ne rabin aikin. Akwai karen da aka haifa a kogon dutse ko a bola, ƙofar nan ta makonni ta rufe bai taɓa jin hannun mutum ba. Tsoron wannan zanen dutse ne. Za ka ciyar da shi shekara, ya ci ya gudu. Akwai kuma wanda ya san mutum, ya yi zama da shi, daga baya duka ko jifa ko rashin maigida suka firgita shi. Tsoron wannan kamar sawu ne a yashin rafi: yana da zurfi, amma yana cikowa.

Kawu bai karanta Scott da Fuller ba, amma ya raba su a mako guda. Ya ce karen bai shiga daji ba, ya zauna ne inda mutane suka zauna yana jira. In Kawu ya yi wa awaki kira, kunnuwansa na miƙewa. Ba mutum yake tsoro gaba ɗaya ba, abubuwa uku ne: sunkuyo, sanda, da taron yara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk karen ƙauye ya san cewa bayan sunkuyo dutse ne ke biyowa.

Ga yadda Kawu ya yi. Da yamma sai ya jiƙa ƙanzo a wani tsohon kasko, ya zuba ruwa a fasasshiyar tukunya, ya kai gindin kanya ya ajiye, ya juyo ba waiwaye. Ba kira, ba fito, ba miƙa hannu. Bayan kwana uku ko huɗu sai ya matso da kaskon taku biyar wajen rumfarsa. Shi kuma ya zauna a kaikaice, ba ya fuskantar karen, yana tufka igiya, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Kare na ɗaukar zuba ido a matsayin neman faɗa, shi ya sa Kawu ke kallon igiyarsa kawai. Haka kasko ya yi ta tafiya, kare na biye da shi.

Ni ne na so in ɓata aikin. Na zo ranar wata Juma'a da ƙashin da na rage daga kasuwar Sara, na ga Baƙo ya matso har kusa da rumfa, sai na miƙe na nufe shi da hannu a gaba. Ya sandare, kunnuwa suka kwanta, ya yi wani gurnani daga can cikin ƙirji, sannan ya ɓace. Kwana biyu kasko na kwana da abincinsa. Na ce, "Kawu, ai alheri na nufa." Bai ɗago daga igiyarsa ba ya ce, "Ɗana, haka ake yi wa baƙo? Ka bar shi ya gama kallon gida tukuna."

A mako na shida Kawu ya fito sallar asuba ya same shi kwance a bayan rumfa. A wata na uku ya ji sanyin hanci a dunduniyarsa yana cikin gyaran kwami. Bai motsa ba, bai yi magana ba. A wata na huɗu ne aka fara jin muryarsa, cikin tsakar dare, haushi uku masu kauri sannan gudu. Da gari ya waye aka ga sawun mutum biyu a bakin rijiya, an kwance tiyon injin ban-ruwa an yar. Goshi a lokacin yana can yana fama da takalma.

Kada wannan labari ya rufe mana ido. Kare mai tsoro yana da saurin cizo in aka ƙure shi, don wanda ya rasa hanyar gudu haƙori ne kaɗai ya rage masa. Yana gargaɗi kafin ya kai ga haka: ya kau da kai, ya lashi leɓe, ya kwantar da kunne, farin idonsa ya bayyana, jikinsa ya sandare, sannan gurnani. Kuskuren da aka fi yi shi ne a doke shi don ya yi gurnani. Gurnani sallama ce. Karen da aka hana shi sallama, wata rana zai shigo ba sallama. Babba zai iya koyon karanta waɗannan alamu. Yaro ɗan shekara uku da ya rarrafo wajen kasko ba zai iya ba.

Sai babbar magana, ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Kare na iya kasancewa ɗauke da cutar makonni ko watanni yana harkarsa lafiya ƙalau, shi ya sa wanda ba a san tarihinsa ba sai an nisanta shi da yara an sa masa ido. Ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da cizo ba. Wani lafewa yake yi a lungu, muƙamuƙi a sake, miyau na dalala, har a ɗauka kunya ce. Duk sauyin hali na farat ɗaya, mai gudu ya zama mai shige wa mutane ko mai sanyi ya zama mai zafi, abin kai wa malamin dabbobi ne. Kwikwiyo ma bai kuɓuta ba, kuma nasa ya fi yaudara, don ba mai ɗaukar cizon wasansa da muhimmanci. Riga-kafi na nan, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, tana cikin masu haɗa shi. Ana yi wa kwikwiyo daga wata uku, a riƙa maimaitawa. Goshi an ɗauke shi a hannu an kai shi allura. Baƙo sai da ya yarda da igiya a wuya, sannan malamin dabbobi ya zo har lambu. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, ko mafi kusa ko babban asibitin tarayya da ke Birnin Kudu, kada ya tsaya jiran ganin abin da zai faru.

In aka tattara, duka biyun lokaci suke ci, amma ba iri ɗaya ba. Kwikwiyo yana son ka yi: ka tashi da dare, ka share, ka kai allura, ka hana, ka sake hanawa. Babba mai ɗari-ɗari yana son ka bari: kada ka kira, kada ka taɓa, kada ka yi sauri. Na lura yawancinmu mun fi iya na farkon, don zama da hannu a naɗe alhali zuciya na son miƙa shi ba ƙaramin aiki ba ne. Kwikwiyo zai ba ka shekaru masu yawa, da kare mai sakin jiki da kowa. Babba zai ba ka shekaru kaɗan, da aiki tun a shekarar farko, da amana da ba ta wuce mutum ɗaya ko biyu.

Don haka gidan yayana, mai yara da baƙi da maƙwabta katanga da katanga, kwikwiyo ne daidai da shi, a bar shi dai ya cika mako takwas a gindin uwarsa. Da Baƙo aka kai can, da ko ya ciji wani ko an kashe shi da jifa. Lambu da gona da garke kuwa, inda akwai fili na ja da baya da mutum ɗaya mai sanyin hali, babban kare ya fi, muddin tsoronsa na yashi ne.

In aka matsa mini in zaɓa, zuciyata na wajen Kawu. Kwikwiyo ba ya rasa mai so. Kafin karya ta yaye, an gama rabon 'ya'yanta. Babba mai matse wutsiya ba mai kallonsa sau biyu. Karen nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito labarinsa, wanda wani matafiyi ya gani yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya sauka rijiya ya ɗebo masa ruwa a huffinsa har Allah Ya gafarta masa, ba a ce na wani ba ne, ba a kuma ce ya yi wa mutumin gadi daga baya ba.

Zuwana na ƙarshe lambun, ana cirar albasa. Har yau Baƙo bai yarda in taɓa shi ba. In na zo yakan tashi ya sauya wurin kwanciya, ya sa Kawu a tsakaninmu. Ina tsaye Kawu ya sunkuya dab da kansa zai ɗaga buhu, hannunsa har yana shafar ƙasa inda duwatsu suke. Kunnen karen ɗaya ya motsa. Ya buɗe ido, ya ga ko wane ne, ya mayar da haɓarsa kan ƙafafunsa.